Sukarin da Ya Tsallaka Katanga

Kun girma kuna jin gwaggwanninku na kirana Mai Sikeli, kuma na san abin da aka gaya muku a bayan idona: wai ni na kai ƙarar kakanku wajen Nasara, ni na jawo aka yanke masa yatsun ƙafa biyu. Na yi shiru shekara da shekaru don waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma ina jin nauyinsu. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, saura ni da haƙorana huɗu. To ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta ɗauko sukarin da hannunta. Sunan kakanku dai ba za ku ji shi a bakina ba, ko a takarda. Surukina ne, Baba nake ce masa, kuma Baba zan ci gaba da cewa.

Zamanin da gyaɗa ke da daraja ne, ƴan shekaru kafin Nasara su tattara nasu su tafi. Shekarata ta shida ke nan a gidan, nan Magariya, ina da Hajara tana tafiya da ƙafarta, Sani kuma yana goye. Baba fatake ne. Yana sayen gyaɗa daga ƙauyuka, yana kuma shigo da kaya daga ƙasar Ingilishi, can tsallaken iyaka, kuma ba kullum jakunansa ke bin hanyar da ƴan duwan, masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka, ke zaune ba. Cikin kayan akwai sukari na kwali, mai ƙwaya-ƙwaya. Rabi yakan sayar, rabi kuma ni shaida ce cikinsa yake tafiya. Ban taɓa ganin mutum mai son zaƙi irinsa ba. Tsara tasa suna cin goro, shi sai ya jefa ƙwayar sukari a kunci yana tsotsa yana ciniki. Koko da sukari, shayin da ya koya wajen Buzaye da sukari, fura kuwa in ba a jefa mata biyar ba sai ya ce an dama masa ƙasa. Mutum ne mai fara'a da kyauta, dariyarsa daga zaure ana jin ta har madafa, kuma babu maƙwabcin da bai ci arzikinsa ba. Ni ke dama furarsa, don Iya, matarsa, sanyin ƙashi ya kama mata hannu. In na dama sai in kai ƙofar ɗakinsa, in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, in ajiye in juya. Shekara shida ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban kuma taɓa gaya masa wata magana da ta wuce gaisuwa ba. Haka ake surukuta a lokacinmu, ba irin taku ta yanzu da ake zama kujera ɗaya ana musu ba.

Bayan an gama kaka sai mai shela ya zaga unguwa, ya ce likitan Nasara ya aiko wata mata za ta shiga gidaje ta auna abin da ake ci, kada kowa ya hana ta shiga. Ashe likitan ya lura tun da kuɗin gyaɗa suka shigo hannun mutane, sukari ya cika kasuwa, kuma yana ta ganin wani ciwo da a da bai cika gani ba. Shi ne yake son ya san yawan sukarin da manya ke sha a ƙasar nan, daga Magariya har Dungas, har su Guci da Bande. Tun da ba za a iya shiga kowane gida ba, sai matar ta riƙa ƙirga ƙofofi a kowane lungu, ta tsallake huɗu ta shiga ta biyar. Ƙofarmu ce ta biyar a lungunmu.

Sunanta Madam Rabi, ƴar Damagaram, ungozoma ce da ta yi lakwal, makarantar Nasara. Doguwa, baƙa, da ɗankwali fari ƙal da takalmin roba. Ta zo da sikeli mai faranti biyu da ƴan duwatsun tagulla a cikin akwatin katako, da littafin da take rubutu. Ta gaishe da Iya har ƙasa, sannan ta bayyana mana aikinta: kwana bakwai za ta riƙa zuwa, ta auna abin zaƙin da ke gidan da safe, ta sake aunawa da yamma, abin da ya ragu ta raba shi a kan manyan gidan.

"Ba zaƙin da Allah ya zuba a dabino ko rake nake nema ba," in ji ta. "Wanda hannu ya ɗauka ya jefa a ƙwarya, shi nake aunawa. Sukari, mazarƙwaila, zuma, alewa. Kuma na manya kawai, ban da yara."

Iya ta ce, "To ƴar nan, in kun gama aunawa sai a yi me?"

"Sai likita ya san inda ciwo zai ɓullo, Iya, ya tare shi da wuri."

Da maganar ta kai zaure, Baba ya yi tsaki har muna ji daga ciki.

"Nasara bai taɓa ƙirga abu don Allah ba. Ya ƙirga kawunanmu ya sa harajin lanho, ya ƙirga shanu ya sa jangali, yanzu ya iso ƙwaryar furata. Gobe sai ƴan duwan su zo suna tambayar ta inda sukarin ya shigo. A gaya mata gidan nan ba mu san ɗanɗanonsa ba."

Washegari da sassafe, kafin Madam ta iso, Baba ya sa mahaifinku ya kwashe kwalayen sukarin da ke ɗakinsa ya miƙa su ta kan katangar baya, gidan Malam Ilu, a ajiye masa. Malam Ilu manomi ne, siriri kamar karan dawa, shi da matarsa Dije su kaɗai a gida, kuma in ba ranar salla ba sukari bai taɓa kwana a gidansu ba. Abin da Baba ya manta shi ne, katanga ɗaya muke da su, amma ƙofar Malam Ilu wani lungun take kallo. Kuma a wancan lungun, ƙofarsa ce ta biyar.

Madam ta zo gidanmu ta tarar da madafa wayam, ta rubuta babu. Ta zagaya ta shiga gidan Malam Ilu. Ita kuwa Dije, ga baƙuwa ta gwamnati a tsakar gidanta, ba ta da abin da za ta tare ta da shi sai koko tsura, kunya ta kama ta. Sai ta shiga ɗaki ta ɓare kwali ɗaya daga ajiyar Baba ta jefa wa baƙuwa uku. Madam ta ce a fito da sauran a auna. Aka fito da su. Dije ta kasa cewa ba nasu ba ne, don amana aka ba su, aka ce kada a faɗa.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma Baba ba zai iya yini babu sukari ba. Ranar farko ya kurɓi fura ya turo ƙwaryar waje da ƙafa. Iya ta kira ni gefe ta ce, da zarar Madam ta fita in je bakin katanga in yi wa Dije gyaran murya. Haka na riƙa yi sau uku a yini. In taka turmi, Dije ta miƙo mini ƙwayoyi, in ƙulle a bakin zanena, in dawo in jefa wa Baba a koko da fura da shayi. Da yamma Madam ta auna namu ta rubuta babu, ta auna na Malam Ilu ta ga ya zabge. Duk abin da Baba ya sha a kwana bakwai ɗin nan a wuyan Malam Ilu aka rataya shi. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma dariya abin yake ba ni, ni da Dije mukan haɗa ido ta kan katanga mu toshe baki.

Kwana na biyar aka aiko gardi, ɗan sandan Nasara, ya kira Malam Ilu gidan likita, don an ce gidajen da aka fi shan sukari su za a fara dubawa. Bawan Allah ya ɗauka ɗauri ne. Ya yafi Dije, ya gaya mata inda ya binne irin gero, ya bi gardi. Da azahar sai ga shi ya dawo, ya faɗo zauren Baba yana haki.

"Alhaji, ka san abin da suka yi mini? Kwalba suka ba ni suka ce in yi fitsari a ciki. Ni, da furfurata! Suka zuba wani ruwa shuɗi suka ɗora a wuta suna leƙe. Wai in ya koma ja kamar jan bulo akwai ciwo. Nawa ya tsaya shuɗi abinsa. Nasaran ya dube ni ya dubi takarda, ya ce ina nake kai sukarin?"

Baba ya yi dariya har da hawaye, har da dukan tabarma. Ya ce a kawo wa Malam Ilu goro.

Ni ma da na ci gaba da dariya, ba don abin da Madam ta faɗa washegari ba. Ta gama awon yamma, ta zauna muna hira tana yi wa Sani wasa, sai Iya ta tambaye ta, wai shin wane irin ciwo ne wannan da ake dafa fitsarin mutane a kansa. Madam ta ce mai shi yakan sha ruwa ba ya ƙoshi, ya yi ta zagayawa, ya rame alhali yana ci. In ya ji rauni a ƙafa ba ya warkewa, kuma in an bar shi ƙafar kan ruɓe ta tafi da mutum. Ta ce alamar da ba ta ƙarya ita ce kiyashi, yakan taru inda mai ciwon ya yi fitsari kamar an zubar da zuma.

Nan take Baba ya faɗo mini a rai. Ni ke cika tulun ɗakin Baba, kuma tun damina nake cika shi sau biyu maimakon sau ɗaya. Ni ke wanke rigunansa, na ga yadda suka yi masa yawa. Ƙayar da ya taka tun ana cirar gyaɗa har lokacin wurin yana ɗaure da tsumma, kuma tsumman wari yake. Sannan ni ke share bayan ɗakinsa, na ga kiyashin nan baƙi ƙirin, kullum ina share su suna dawowa. Na dubi Iya. Iya ta dubi ƙasa, ta ci gaba da tsinkar zogale. A nan na gane ita ma ta gani.

Da mahaifinku ya shigo bayan la'asar na gaya masa. Mutumin kirki ne, amma a gaban Baba ko tari ba ya iya yi.

"Ki rufa mini asiri," in ji shi. "Ni zan je in ce wa Baba na duba makewayinsa? Ko ke? Kin san abin da kike faɗa kuwa? Gobe matar nan za ta wuce Dungas, a huta. Ƙafa kuma wanzami na yi mata magani."

Gaskiyarsa, abin da nake tunanin yi ba a yin sa. Suruka ba ta kama sunan uban mijinta, balle ta ɗauki zancen fitsarinsa ta kai wa baƙuwa. Na san in na faɗa, zaman gidan na iya ƙare mini. Na kuma san in Madam ta ɗaure sikelinta ta tafi da littafin da ke cewa gidanmu ba a shan sukari, babu wanda zai sake waiwayar Baba, kuma ni da hannuna zan ci gaba da jefa masa biyar-biyar har ranar da za a fita da shi. Ina son tsohon nan. Shi ya raɗa wa Hajara suna, ranar da na yi ɓari kafin Sani shi ya aiko mini da rago ya ce a gaya mini kada in yi kuka. Ban taɓa gaya masa na gode ba sai ta bakin Iya.

Rana ta bakwai Madam ta yi awon ƙarshe, ta rubuta babu, ta fara jera duwatsunta a akwati. Na ce mata ta dakata. Na kwance bakin zanena, na zube ƙwayoyin da ke ciki a kan farantin sikeli. Ƙararsu a kan ƙarfen nan har yau ina jin ta.

"Wannan na furar yamma ne kawai," na ce. "Na Baba ne. Duk abin da kika rubuta wa Malam Ilu, na Baba ne. Ta kan katanga nake karɓowa."

Iya ta ce, "Zuwaira!"

Tun da na fara sai na ƙarasa. Na faɗi tulu, na faɗi ƙafa, na faɗi kiyashi. Iya ta ja mayafi ta rufe fuska. Madam ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta auna ƙwayoyin, ta buɗe littafinta ta soke shafi biyu, ta ce in awon gida ɗaya ya zama ƙarya, na ƙasar duka ya gurɓace, yanzu sai ta sake unguwar daga farko. Sannan ta fita zaure, ta durƙusa gaban Baba, ta ce ya yi mata alfarma ta ga ƙafarsa.

Ba ƴan duwan da suka zo, ba wanda ya tambayi ta inda sukari ya shigo. Amma ba wannan ya ƙona ran Baba ba. Abin da ya ƙona shi shi ne matar ɗansa ta ga bayan ɗakinsa, ta kuma faɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya kira mahaifinku ya ce, "Yarinyar nan ta gaji. A kai ta gidansu ta huta." Kowa ya san ma'anar wannan hutun. Washegari aka ɗora ni a jaki da Sani a baya, aka nufi Bande. Hajara aka ce ta zauna wajen Iya. Ta biyo jakin har bakin lungu tana kuka, mahaifinku ya ɗauke ta ya koma da ita, shi ma idonsa ja. Hajara, kin sha tambayata me ya sa na tafi na bar ki. Ga amsar, ba da son raina ba ne.

A Bande ma ba a tare ni da guɗa ba. Mahaifina ya ce na zubar masa da mutunci, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Mata a bakin rijiya in sun hango ni sai su ce, ku ɓoye tulunanku, ga Mai Sikeli nan. Can sunan ya samo asali. Tun sanyi nake can har aka fara sharar gona, kuma ba ranar da ban yi kukan Hajara ba.

Abin da ya faru a bayana Dije ce ta ba ni labari. Baba ya ƙi zuwa gidan likita, Madam ta yi magiya ta gaji ta wuce Dungas. Sai Malam Ilu, wanda bai taɓa musa wa Baba ko da wasa ba, ya zo ya zauna a zaure ya ƙi karɓar goro.

"Alhaji, ni na je na cika musu kwalba a madadinka, ban mutu ba. Yanzu sai ka je ka ba da naka. In ba ka tashi ba, nan zan zauna har ka tashi."

Ya tashi. Ruwan ya koma ja tun bai gama tafasa ba. Aka sa shi a mota zuwa babban asibitin Damagaram, aka cire yatsu biyu. Likitan ya gaya wa mahaifinku da an ƙara wata guda, daga gwiwa za a cire, in ma an samu an cire ɗin. To ga yatsun da gwaggwanninku ke cewa ni na yanke. Ni ban san likitanci ba, ban kuma taɓa jin abin da aka samu da aka haɗa awon ƙasar duka ba. Abin da na sani, an ce daga ranar duk gidan da Madam ta shiga sai ta fara leƙa katanga ta tambayi waye a baya.

Baba ya dawo da sanda da doka: ba sukari, ba zuma, ba alewa, tuwo ma da awo. Ya kwana uku yana bin doka. Rana ta huɗu ya yi wa Iya murya mai taushi, ta jefa masa biyu. Ya harari mahaifinku, ya kawo masa kwali. Ƙafar ta fara ruwa. Shi da kansa ya gane inda aka dosa, ya kira mahaifinku.

"Je ka Bande ka ɗauko yarinyar nan. Duk gidan nan ba mai iya hana ni sai ita."

Ranar da na dawo na je ƙofar ɗakinsa na durƙusa kamar kullum. Bai ce yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba. Sai na ji wani abu ya faɗo gabana a ƙasa. Makullin akwatin sukari ne. Na ɗauka na ɗaure a bakin zanen nan da nake ƙulle ƙwayoyi a da.

Shekara goma sha ɗaya makullin nan yana jikina. Kullum in na ajiye fura sai ya kurɓa ya ce da ƙarfi, don in ji, "Iya, gaya wa Mai Sikeli Allah ya isa." In ya shanye kuma ya ce, "Gaya mata a ƙaro." Ya ga tafiyar Nasara, ya raɗa wa huɗu daga cikinku suna, ya yi wa Malam Ilu sallar gawa. Ya gwada ni da dabara iri-iri, har Hajara ya taɓa aikowa wai maƙwabta ke son aro. Ban taɓa ba shi ko ɗaya ba.

Ciwon ajalinsa na ƙirji ne. Ranar da zai cika, bayan la'asar, na kai masa ruwa, sai ya yi mini magana kai tsaye, ba ta bakin Iya ba. Ya kira sunana, abin da bai taɓa yi ba.

"Zuwaira, yanzu kam ai ba abin da zai ɓata."

Na gane. Na kwance makullin, na buɗe akwati, na ɗauko ƙwaya ɗaya na sa masa a tafin hannu. Ranar na ɗaga kai na dube shi sosai, ashe idanunsa irin na Sani ne. Ya jefa ta a kunci kamar da, ya lumshe ido yana tsotsa a hankali har ta narke. Na ce in ƙaro? Ya girgiza kai, ya yi ƴar dariyar da ƙarfinsa ya kai.

"A'a. In matar nan ta Damagaram ta zo tambaya, ki ce mata ɗaya. Wannan karon a gidanmu za a rubuta."